Akwatunan da Suka Ɓace Daga Silin Gunvor

Gobarar da ta tashi a gidan Gunvor Moen ba ta ci rai ba. Falo ɗaya ta cinye da wani ɓangare na rufi. Amma tun hayaƙin bai gama washewa ba, mutanen Skarvdal sun riga sun sami wadda za su ɗora wa laifi.

Gidajenmu uku ne a jere, bango ne kawai ke raba mu, rufi ɗaya ya lulluɓe mu duka. Ni Magnhild ina gefen gabas, ni ce tsohuwar malamar makarantar garin. Halvard da matarsa Eldrid suna tsakiya. Gunvor, wadda ta haura tamanin kuma mijinta ya daɗe da rasuwa, tana gefen yamma. A kakar bara muka haɗa baki muka kira Torunn Lien, mai aikin wutar lantarki, ta sa mana irin fitilun nan da ake binnewa a cikin silin.

Wata Laraba da la'asar a watan Maris, Gunvor tana shan kofi, ƙararrawar hayaƙi ta fara kuka. Halvard ne ya jiyo ta ta bango. Ya shiga, ya ɗauko tsohuwar a hannu ya fito da ita cikin dusar ƙanƙara, ko takalmi babu a ƙafarsa. Washegari duk inda ya bi a gari sai an riƙe masa hannu.

Bayan kwana biyu jami'in binciken gobara ya zo daga birni, ya hau saman silin gidajen uku. A nawa da na Halvard ya tarar da akwati a kife kan kowace fitila, kamar yadda doka ta ce. A na Gunvor bai ga ko ɗaya ba. Audugar riƙe ɗumi tana kwance kai tsaye a kan fitilun, zafi ya taru, leda ta narke, katako ya kama. Aka dakatar da lasisin Torunn, aka ce in bincike ya tabbata za a soke shi gaba ɗaya, a kuma miƙa maganar ga 'yan sanda.

A kanti, tsakanin madara da burodi, an gama shari'a.

"Akwatunan ne suka ƙare mata," in ji wata. "Ta ce ai tsohuwa ba za ta hau tsani ta duba ba."

Da yamma Torunn ta zo kicin ɗina, ta zauna ba ta ko cire hula ba.

"Malama, na sa su. Da hannuna na manne kowanne."

Na koyar da ita tun tana 'yar shekara bakwai. Yarinya ce da kan goge shafi guda saboda layi ɗaya ya karkace. Na zuba mata kofi, na ce ta je gida ta kwanta.

* * *

Idan mota ta buge barewa a hanyar dutse, dabbar ta shige daji da rauni, Oddvar Brekke ake kira. Shi da karensa Tass za su bi ta ko da kwana za ta yi tana tafiya. Na same shi a bayan gidansa yana faskare, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Malama, ni barewa nake bi, ba wayar lantarki ba."

"Akwati ba ya da ƙafa, Oddvar. In ya bar inda aka kife shi, wani ne ya ɗauke shi, kuma shi yana da ƙafa."

Ya kafa gatarin a kututture ya dube ni. "Har yanzu kina ba da aikin gida ke nan."

"Har yanzu kana neman hanyar gudu ke nan."

Muka fara da Torunn. Ta buɗe bayan motarta ta ɗauko mana akwati ɗaya, ruwan toka, mara nauyi, girmansa bai wuce kwandon burodi ba, da faffaɗan leɓe zagaye da bakinsa.

"Ki yi mini bayani kamar ba na jin komai," in ji Oddvar. "Malama za ta shaida miki haka nake."

Torunn ta ɗan murmusa, karo na farko tun ranar gobarar. Ta ce a saman kowane silin akwai shimfiɗar leda da ke hana iskar ɗaki mai ɗumi tserewa sama, a kan ledar kuma akwai auduga. In za ka binne fitila, dole ka huda silin ka huda ledar. Akwatin aiki biyu yake yi. Yana ture audugar nesa da fitila don zafi ya sami inda zai sarara, wannan dokar gobara ce. Sannan ana manne leɓensa da ledar ya toshe hujin, don ɗumin da mai gida ya biya kuɗinsa ya zauna a ɗaki, wannan dokar tanadin makamashi ce.

"To in an cire shi, aka tura auduga a wurin?"

"Fitila ta shaƙe. Iskar ɗumi kuma ta bi ta cikin audugar ta haura, don auduga ba ta tare iska. Ka yi asara sau biyu."

"Ta haura ina?"

"Ƙarƙashin rufi mana. Namu ai ba shi da tsayi, da rarrafe ake shiga."

Oddvar ya juya akwatin a hannunsa, ya mayar mata.

* * *

Gunvor tana zaune a gidan 'yarta a ƙasan gari, an lulluɓa mata bargo, tana jin haushin kowa. Surukinta Jostein ne ya buɗe mana ƙofa. Shi ne mutum na biyu da gari ke raɗa a kansa, don a liyafar Kirsimeti an ji shi yana cewa gara a sayar da gidan, a kai tsohuwar inda za a kula da ita.

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa," in ji shi. "Amma mai son sayar da gida ba ya ƙona shi."

"Akwai inshora," in ji Oddvar a hankali.

"Akwai ƙofa kuma, ga ta can."

"Ku zauna ku duka," in ji Gunvor. "Jostein, kawo waina da cuku. Oddvar, ka cire takalmin nan, ba a daji kake ba."

Oddvar ya cire. Ya tambaye ta ko ta taɓa fitilun bayan an sa. Tsohuwar ta ɗaga haɓa.

"Na canza ƙwayayen fitilun. Waɗanda yarinyar ta sa haskensu kamar na asibiti. Ina da tsofaffi a aljihun tebur tun zamanin marigayi, lafiyarsu ƙalau, a kan me zan zubar?"

"Tsofaffin sun fi zafi, Gunvor," na ce.

"Shi ya sa nake son su."

"Wa ke da mabuɗin gidanki?" in ji Oddvar.

"Jostein. Halvard. Da wannan," ta nuna ni da cokali. "Da na kwanta asibiti a Janairu aka yi mini aikin ƙugu, ita ke ba furanni ruwa, Halvard yana share mini ƙanƙarar ƙofa. Na ce masa ya bari, bai bari ba. Sai da na saƙa masa safa biyu kafin na samu barci."

Da muka fito na ce, "To, ga ƙwayaye masu zafi, ga suruki mai mabuɗi."

"Ga malama mai mabuɗi."

"Ni guiwata ba ta hawa tsani."

"Na lura. Jostein kuma, kin dubi kafaɗunsa? Ƙofar silin gidajenku ko rabinsa ba zai shige ba. In ka ga ƙaramin rami a shinge, ba ka zargin bijimi." Ya ja hularsa. "Ƙwayayen kuma Torunn ta ce da akwatin yana nan da ba su yi komai ba. Don irin su Gunvor aka yi dokar."

* * *

Halvard kafintan jirgin ruwa ne kafin ya ajiye aiki, siriri, mai tsafta, wanda ke duba mitar wuta kowace safiya kamar yadda wasu ke duba yanayi. A hunturun nan da kuɗin wuta ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba, shi ne ya zagaya ya toshe mana gefen tagogi, bai karɓi ko kwabo ba. Ya tarbe mu da tafin ƙafa naɗe da bandeji, inda sanyi ya ci shi ranar gobarar.

"Ban son in ce komai a kan yarinyar," in ji shi. "Kowa yana kuskure."

"Kai naka akwatunan suna nan?"

"Jami'in ai ya gani."

"Ya gani," in ji Oddvar. "Kuɗin wutarka bana fa? Na san ba ka rasa lissafi."

"Ya hau. Na kowa ya hau."

Eldrid ta shigo da kofi, mace mai fara'a da ba ta iya ajiye magana. Ta tambayi Oddvar ko ya fitar da dankalin irinsa ya fara tsiro. Ya ce bai yi ba tukuna.

"Ni na jera nawa a tagar ɗakin ƙasa tun makon jiya. Bana ma na dace da abin zubawa, ba irin kwalayen nan da ke jiƙewa ba."

"Eldrid, ba dankali ya kawo su ba," in ji Halvard.

A waje Oddvar ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon sama. Gajimare ya rufe ko'ina. Sabuwar dusar ƙanƙara ta sauka kwana biyu bayan zuwan jami'in, komai fari fat.

"Yau ba a ganin komai," in ji shi. "Ran da rana ta fito, ki same ni a kan tudun bayan gidajenku da safe. Ki sa takalmin kirki."

* * *

Ranar Lahadi rana ta fito. Na hau tudun a hankali, Tass yana zuwa yana komawa kamar yana ƙirga numfashina. Oddvar yana zaune a kan kututture da madubin hangen nesa.

"Sawu ba a dubansa da rana a tsaka," in ji shi. "Sai tana ƙasa, tana haskowa ta gefe. Lokacin ko taku mafi sauƙi yana da inuwa. Karɓi. Fara da naki rufin."

Na duba. Sumul, kamar an shimfiɗa zanen gado.

"Na Gunvor."

Tamfol ya rufe inda ya ƙone, amma a saman kicin ɗinta na ga wurare biyu da dusar ta lotsa, kamar an danna ta da gindin kwano.

"Nan ɗumi ya daɗe yana fita, ya narkar da tsohuwar ƙanƙara daga ƙasa. Babu akwati, mun sani. Yanzu dubi na tsakiya."

Na kai madubin kan rufin Halvard. Loɓa shida, uku da uku a jere, daidai yadda fitilun falonsa suke. Kowace da 'yar inuwarta mai shuɗi.

"Amma jami'in ya ga akwatuna a wurinsa," na ce.

"Ya gani. Ki ƙara dubawa. Sabuwar dusar da ke cikin loɓar ta narke?"

Ba ta narke ba. Tana kwance lafiyayya, alhali gidan da mutane a ciki, hayaƙi na fita ta bututu.

Na sauke madubin. Na yi shekaru ina kallon fuskar yaro a daidai lokacin da lissafi ya buɗe masa, ranar na san yadda abin yake daga ciki. Ɗumi ya yi makonni yana fita ta silin Halvard, sannan ya daina. Wani ya cire akwatunan, wani kuma ya mayar da su kafin jami'in ya hau.

"Shi ne ya fito da ita daga wuta, Oddvar."

"Shi ne. Ban ce ya so ta da sharri ba. Na ce ga inda sawun ya bi."

* * *

Na gayyace su kofi da la'asar. A garinmu ba a ƙin kofin Lahadi, ko da an san akwai magana a bayansa. Jostein ya kawo Gunvor, Halvard da Eldrid suka tsallako, Torunn ta zauna kusa da ƙofa. Tass ya kwanta a kan ƙafar Oddvar.

Sai da kowa ya ci waina ɗaya, sannan Oddvar ya faɗi abin da muka gani, a taƙaice, kamar mai ba da labarin inda barewa ta sha ruwa. Rufina babu komai. Na Gunvor da loɓa. Na Halvard da loɓa shida, kuma sun huce.

"Rana ce ke yin haka," in ji Halvard.

"Rana ba ta san inda fitilunka suke ba," in ji Torunn.

"Ko aikinki ne bai manne da kyau ba."

"Da bai manne ba, da har yanzu yana zuba. Me ya sa ya daina?"

Halvard ya dubi kofinsa. Oddvar ya juya wajen Eldrid.

"Abin zuba dankalin nan da kika dace da shi, wane iri ne? Ina neman irinsa."

"Wasu akwatuna ne ruwan toka, marasa nauyi, da leɓe a baki. A ɗakin ƙasa na gan su tun Janairu, jibge guda. Wasu sun ɓace kwanan nan, ban san..." Ta tsaya. Ta dubi Torunn, ta dubi mijinta, ta ajiye farantin da ke hannunta a hankali. "Halvard."

Ban taimaki kowa da magana ba. Yaro in zai faɗi gaskiya, shiru yake bukata.

"Na hau ne in ƙara auduga," in ji Halvard daga ƙarshe. "Sai na ga akwatunan nan, ciki wayam, babu komai sai iska. Na ce ga inda ɗumi ke guduwa. Na shekara arba'in ina toshe jirgi, na san duk inda ka bar sarari ruwa zai shiga. Na ɓamɓare su na cusa auduga sosai. Da na gama nawa, sai na tuna Gunvor tana asibiti, za ta dawo gida mai sanyi da ɗan kuɗin fanshonta."

"Da ka tambaye ni, da na ce a'a," in ji Gunvor.

"Shi ya sa ban tambaya ba. Da kin sani, da kin saƙa mini rigar sanyi da ƙugunki a ɗaure."

"Da na saƙa. Ina ruwanka?"

Jostein ya buɗe baki, tsohuwar ta ɗaga masa cokali, ya rufe.

"Da 'yan kwana-kwana suka ce daga silin ta tashi, na gane," in ji Halvard. "Washegari da Eldrid ta tafi kanti na hau na mayar da nawa. Na Gunvor sun riga sun cika da dankali, ban san yadda zan karɓe su ba tare da bayani ba. Na yi niyyar in faɗa. Sai mutane suka yi ta riƙe mini hannu a hanya."

"Ni kuma in sun hango ni suna tsallaka titi," in ji Torunn.

"Na gani."

"Ka gani. Ka ce wa Malama kowa yana kuskure."

Na ga lokaci ya yi da zan sa baki.

"Halvard, abu uku ka yi, kada mu cakuɗa su. Ka so ka taimaki maƙwabciya, ka taɓa abin da ba ka sani ba. Wannan kuskure ne. Ka shiga hayaƙi ka fito da ita, wannan ba wanda zai ƙwace maka. Na ukun shi ne ka bar yarinyar nan ta ɗauki kayanka, kuma shi kaɗai ne har yanzu kake iya gyarawa. Gobe Litinin, ofishin jami'in a buɗe yake."

"Zan kai shi a mota," in ji Oddvar. "Jami'in ma ya zo ya ga rufin da idonsa kafin dusar ta narke."

"Ba sai ka kai ni ba. Na san hanya."

"Ni zan kai shi," in ji Eldrid. Ta tashi ta fita. Muka ji ƙofar gidansu, muka ji saukarta ɗakin ƙasa. Ta dawo rungume da akwatuna a jere cikin juna, ƙasa a manne da su, ta ajiye a gaban Torunn. A gefen na sama akwai guntun leda da abin mannewa, da harafin G da aka rubuta da baƙin alƙalami.

Torunn ta shafa harafin da yatsa. "Kowane gida nakan sa wa nasa alama, don kada su cakuɗe."

"Na san wannan G ɗin," na ce. "Ya sha jan alƙalami a hannuna kafin ya miƙe."

* * *

An mayar wa Torunn lasisinta kafin ƙanƙarar ta narke. Maganar Halvard tana hannun hukuma da kamfanin inshora, kuma ya je duk inda aka kira shi da ƙafarsa. A kanti, waɗanda suka yanke hukuncin farko sun ce dama su tun asali ba su yarda ba.

Akwatunan da Halvard ya mayar a silinsa kife su kawai ya yi, da ɗan abin mannewar da ya samu a aljihun tebur, don haka dole a sake aikin. Eldrid ta ce ba wanda zai taɓa mata silin sai Torunn. Na shiga gidan da safen nan kai musu waina, na tarar da tsani a ƙarƙashin ƙofar silin, Torunn ta kai rabi, Halvard yana ƙasa yana ta juya hannuwa. Gunvor, wadda ta ce sai ta ga aikin da idonta, tana zaune a kujera da zarenta, tana saƙa wani abu mai ruwan toka.

"In miƙo miki wani abu?" in ji Halvard.

Torunn ta leƙo ƙasa ta dube shi na ɗan lokaci.

"Riƙe tsanin," in ji ta. "Shi kaɗai. Kada ka taɓa komai."

Ya riƙe da hannu biyu.